Wai Jahilci Ne Ke Kawo Tamowa?

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu in amayar da wata magana da ta tsaya mini a maƙogwaro tun zangon karatun da ya wuce. Waɗanda suka halarci muhawarar da ƙungiyarmu ta shirya a kan matsayin mata za su tuna wani ɗan'uwa, ɗan ajin ƙarshe, mai zaƙin baki da iya jera karin magana, wanda ya miƙe ya ce wai yaran nan da muke gani a hotuna daga wuraren gudun hijira, masu haƙarƙari a waje, ba abin da ya kai su ga haka sai jahilcin iyayensu mata da ƙazantarsu. Ya ce da matan nan sun yi ko da firamare ne, da sun san abinci mai gina jiki. Aka yi masa tafi har da buga tebur. Ni kuwa ina can baya na yi tsit, domin na san in na buɗe baki a wannan sa'a ba hujja ce za ta fito ba. To, yanzu zuciya ta huce, ga alƙalami ga takarda. Ba zan ambaci sunansa ba, don ba shi kaɗai nake nufi ba. Da shi nake, da duk wanda ya tafa masa, har da malaman da na hango suna gyaɗa kai.

Bari in fara da gaya muku inda na fito, kada a ce ɗan birni ne ya karanta jarida ya zo yana kumfar baki. A Baga aka haife ni, bakin tafkin Chadi. Kakana ya zo can daga wajen Argungu da komarsa, mahaifina kuwa fataucin banda yake yi. Innata ba ta taɓa shiga aji ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko. Amma 'ya'ya shida ta haifa, biyar ta yaye su cikin ƙoshin lafiya, ba wanda ya taɓa kwana a asibiti. Kunun gyaɗa da safe, wake da masara daga gonar da ruwa ya janye ya bari, kifi kuwa har yanga mukan yi masa. Ranar 3 ga Janairu 1915 ba nake magana ba, jama'a, jiya-jiya ne: ranar 3 ga Janairu 2015 mayaƙan Boko Haram suka auka wa garin. Mahaifina yana bakin ruwa, ya faɗa kwalekwale tare da waɗanda suka tsallaka ɓangaren Chadi, wata bakwai ba mu ji ɗuriyarsa ba. Mu kuwa muka yanki daji, Inna da goyon autarmu 'yar wata takwas, ni ina ɗan shekara goma sha biyu ina jan hannun ƙanena. Tsakanin Baga da Maiduguri kusan kilomita 200 ne, kuma sai da muka ci rabin tafiyar da ƙafa kafin wata motar itace ta tausaya mana.

Ba sansani muka shiga ba. Yawancin waɗanda suka gudo Maiduguri gidajen 'yan'uwa suka raɓe, abin da masu kallon hotuna ba su sani ba ke nan. Kawuna tela ne mai ɗaki biyu, muka tarar da wasu sun riga mu, muka zama mu goma sha tara a gidan. Allah ya saka masa, bai taɓa ɗaure mana fuska ba, amma keken ɗinki ɗaya ba ya ciyar da baki goma sha tara. Aka koma cin abinci sau ɗaya a yini, tuwon masara da miyar kuka wadda ba ta san mai ba balle kifi. Inna kuwa takan gutsuri nata kason ta tura mana, ta ce wai ta ƙoshi.

Cikin damina ƙyanda ta kama autar, ta warke, gudawa ta biyo baya. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, ta daina wasa, ta daina ko kuka mai ƙarfi. Sa'an nan ƙafafunta suka kumbura, wata maƙwabciya har tana cewa, "Ai ga shi ta fara mayar da jiki." Wata tsohuwa ta ce kambun baka ne, aka karɓo rubutu. To, ina tambayar ɗan'uwana mai muhawara: tsakanin Disamba da Yuli, wane ilmi ne ya zube daga kan Inna? Mace ɗaya ce, hannun da ya yi renon biyar shi ne ya riƙe ta shida. Tukunya ce ta canja.

Za ka ce, me ya hana ta zuwa asibiti? Tambayar mai kuɗin mota a aljihu ke nan. Baƙuwa ce a garin, ba ta san hanya ba, ba ta da kuɗin keke mai ƙafa uku balle na kati, tana tsoron shingen sojoji, kuma in ta tafi wa zai duba sauran? Asibiti bai yi mana nisa da ƙafa ba, amma da a Makka yake da duk ɗaya ne.

Wadda ta cece mu wata mata ce 'yar unguwar, bazawara mai tuyar ƙosai a bakin titi, wadda aka ba horon 'yan kwanaki aka ce ta riƙa shiga gida gida. Ba ta da farar riga. Jaka ce kawai a kafaɗarta, da littafi, da wani ɗan tef na roba mai launi uku. Ta yi sallama ta shigo har tsakar gida, inda ma'aikaci namiji ba zai taɓa takawa ba, ta zauna a tabarma, aka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi mutanen Baga da wanda aka gani da wanda ba a gani ba. Sai can ta ce, "Yaya, miƙo mini 'yar nan in gani." Ta zagaya tef ɗin a damtsen yarinyar, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Ta danna bayan ƙafafunta biyu da manyan yatsunta, ta ɗan jira, ta ɗaga. Wurin ya lotsa, bai taso ba. Inna ta ce, "Baiwar Allah, mene ne?" Ta ce, "Yaya, wannan ruwa ne, ba ƙiba ba ce. Kuma ba laifinki ba ne. Gobe da sassafe zan zo mu tafi tare, ba a biyan ko kwabo." Washegari ta bar kaskon ƙosanta ta zo.

Ya kamata mai karatu ya san tef ɗin nan, domin ya fi takardun digirin da yawanmu amfani. Ana auna yara da shi daga wata shida zuwa shekara biyar. In damtse ya wuce santimita 12.5, kore ke nan, lafiya lau. Tsakanin 11.5 da 12.5 rawaya ne, watau yaro ya kama hanya. Ƙasa da 11.5 ja ne, kuma mai ja yana bakin kabari ko da yana zaune yana kallonka. In kana son ka san yadda santimita 11.5 take, ɗauki babban batirin tocila ka zagaya shi da yatsunka. Da kaɗan damtsen ya fi shi kauri. Na autarmu bai ma kai ba.

A wurin shan magani aka miƙa mata wani abinci a leda don a ga ko za ta ci. Wannan shi ne gwajin da ke raba yara biyu: mai ci a ba uwarsa abincin ta koma gida, wanda ya ƙi ci ko yake da wata cuta a kai a kwantar da shi. Tamu ta kau da kai, aka kwantar da ita. Na tuna goggona ta dafo romon ƙashi da kuɗin da ta ranto, ma'aikatan suka hana a ba ta, har aka yi 'yar hayaniya. Ashe jikin da ya daɗe da yunwa, zuciyarsa da hantarsa sun yi rauni, in aka ɗura masa abinci mai nauyi gaba ɗaya sai a kashe shi da alheri. Wata madara ce marar ƙarfi suke ba ta kaɗan kaɗan, dare da rana, ana lulluɓe ta don kada sanyi ya kama ta, ana ba ta maganin ƙwayoyin cuta. Bayan kamar mako guda kumburin ya saɓe, yarinya ta fito fayau kamar tsinke, Inna ta ɗora hannu a ka. Mai ƙosai ta riga ta gaya mata haka za a yi, ita ce kuma ta sake zuwa ta tuna mata. Daga nan aka sallame su, kowane mako a je a auna a karɓo ledojin abinci, har mako bakwai. Ita ma Inna aka auna nata damtsen, aka ba ta garin kunu da ƙwayoyin ƙarin jini, aka ce kada ta kuskura ta yaye. Mutane da yawa suna zaton uwar da ta rame ba ta da nono, sai su nemo madarar gwangwani a dama da ruwan da ba a tafasa ba, gudawa ta ƙarasa yaron. Abin da masana suka ce shi ne a ciyar da uwar, ita kuma ta ci gaba da shayarwa.

Wannan tsari na bi gida gida bai daɗe a duniya ba. A da, duk yaron da tamowa ta yi wa tsanani sai an kwantar da shi kusan wata guda tare da uwarsa, gadaje kuwa ba su isa, yara suna ɗaukar cutar juna, uwaye suna gudu saboda waɗanda suka baro a gida. Cikin 1996 wani likita Bafaranshe, André Briend, da wani kamfani na ƙasarsu suka haɗa abincin ledan nan da ake kira Plumpy'Nut: gyaɗa ce aka niƙa da garin madara da sukari da mai da sinadaran bitamin, giram 92 a leda, ba ya bukatar ruwa ko wuta, ba ya saurin lalacewa. (Ku dubi abin kunya: mu masu dalar gyaɗa, masu tunkuza da ƙuliƙuli, sai da aka zagaya da ita Faransa aka dawo mana da ita magani. Yanzu dai ana yin irinsa a Yamai da Kano da Legas.) Da abincin ya samu, wani likitan Ingila, Steve Collins, ya gwada ba uwaye shi su yi jinya a gida, a Habasha cikin 2000, daga baya a Malawi. Likitoci da yawa suka yi masa ca, suna cewa yaya za a danƙa wa jahilar ƙauye yaron da ke bakin mutuwa? Ka ji, irin maganar ɗan'uwana ce sak, sai dai da Turanci. Sakamako ya ƙaryata su. A yunwar Nijar ta 2005 ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, watau MSF, ta yi jinyar yara fiye da 60,000, galibinsu a jihar Maraɗi, kuma mafi yawansu a ɗakunan uwayensu suka warke. Cikin 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da tsarin, Nijeriya ta fara shi a Gwambe da Kabi cikin 2009. Bugu da ƙari, a Mirriya ta ƙasar Damagaram ƙungiyar ALIMA ta miƙa wa uwaye tef ɗin kansa, matan Hausawa na karkara irin Innata, aka koya musu cikin ɗan lokaci, aka tarar awonsu bai kasa na ma'aikatan lafiya ba, kuma sukan kawo yaro da wuri tun ciwo bai ci ƙarfinsa ba. Watau dukkan ginin nan a kan matar da kuke kira jahila aka aza harsashinsa.

Yanzu mu zo ga wanda ya kwashe abin da ke cikin tukunya. Yunwar yaƙi ba daga sama take faɗowa kamar fari ba, mutane ne ke ƙera ta da hannunsu. Mayaƙa sun ƙone rumbuna, sun kore shanu, sun sa haraji a kan masunta, sun mai da gona wurin yanka. Ranar 28 ga Nuwamba 2020 suka tarar da masu yankan shinkafa daga Zabarmari a gonakin Koshebe, washegari aka yi jana'izar mutum 43 a jere. Wane manomi ne zai fita bayan wannan? A ɗaya gefen kuma hukuma ta hana safarar kifin tafki na tsawon shekaru don kada kuɗinsa ya kai ga mayaƙa, ta rufe wasu kasuwannin shanu cikin 2016, ta taƙaita takin zamani don ana haɗa bam da shi, ta hana shuka dawa da masara kusa da wasu garuruwa don kada a ɓuya a ciki. Kowace doka da dalilinta, ban musa ba. Amma tara su wuri ɗaya ka gaya mini abin da ya rage wa mai goyo ta dafa. An tara mutane a garuruwan da aka kewaye da rami, ba su da ikon wuce 'yan kilomitoci, macen da ta fita neman itace ma da ranta a hannu take fita.

A Bama, cikin Yuni 2016, ma'aikatan MSF suka sami shiga na 'yan sa'o'i, suka tarar da mutum 24,000 a harabar wani asibiti. Suka ƙirga kaburbura 1,233 a kusa da wurin, 480 na yara ne. A wata guda kafin zuwansu mutum 188 suka mutu, kusan shida ke nan kowace rana. Garin yana hannun gwamnati fiye da shekara guda a lokacin. Shin jahilci ne ya sauka a Bama dare ɗaya kamar fara? Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi lissafi cikin 2021, ta ce zuwa ƙarshen 2020 yaƙin ya ci rai kusan 350,000 a Borno da Yobe da Adamawa, kuma 314,000 daga ciki ba harsashi ne ya kashe su ba, yunwa ce da cuta da rashin magani. Fiye da tara cikin goma na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Mu kuwa in an ce yaƙi sai mu hango soja da bindiga. Kwamitin Sulhu ma ya yanke shawara mai lamba 2417 cikin Mayu 2018, yana la'antar amfani da yunwa a matsayin makami, amma takarda ba ta hana a rufe ofisoshin ƙungiyoyin agaji biyu a Arewa maso Gabas cikin Satumba 2019 ba, bisa zargin taimakon mayaƙa, sai bayan fiye da wata guda aka buɗe su.

In ɗan'uwana yana son shaida daga wajen gidanmu, ya tambayi dattawan da suka ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Hotunan yaran Biyafara masu kumburarren ciki su ne suka koya wa duniya kalmar kwashiyoko. Akwai yankin da ya fi ƙasar Ibo makarantun mishan da malaman jinya a Nijeriyar wancan zamani? 'Ya'yan malaman makaranta sun kumbura tare da 'ya'yan manoma, domin an toshe hanyar da kifin busasshe da nama ke shiga. Ita kanta kalmar ba ta likita ba ce. Daga bakin matan Ga na Ankara wata likita, Cicely Williams, ta ɗauko ta cikin shekarun 1930, ma'anarta ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane. Matan sun riga likitoci gane ciwon har sun raɗa masa suna, kamar yadda kakanninmu mata suka san tamowa suka kuma danganta ta da yaye da kwanika.

Kada a ce na wanke al'ada tas. Akwai abubuwan da muke yi masu cutarwa, kuma na gan su da idona. Ana matse dakashi a zubar wai ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. Ana ɗura wa ɗan kwana uku ruwa da jiƙe-jiƙe. Ana yaye yaro rana ɗaya a kai shi gidan kaka. Mai ƙosai da irinta suna yaƙi da waɗannan kullum, a tabarma, da lallashi, kuma suna cin nasara fiye da rediyo. Amma fa in za a yi maganar al'ada a yi ta duka. Wa ake fara zuba wa tsokar nama a gidajenmu, mai gida ko mai shayarwa? Wa ke hana mace fita awon ciki sai ya ga dama? Wa ke sayar da wake da gyaɗar gona tun a kaka ya ƙara aure? Ban ji an tafa wa kowa a zauren muhawara a kan waɗannan ba, don masu tafin galibinsu mu ne maza.

Sai zancen da ake yawan jifan uwaye da shi, wai suna sayar da abincin tamowa a kasuwa. Gaskiya ne wasu suna yi, wasu kuma suna raba ledar yaro ɗaya ga 'ya'ya huɗu. Inna ma na taɓa ganin ta lakata wa ƙanena a yatsa yana kuka, kuma ban ga wanda zai iya tsayawa gabanta ya ce ta yi laifi ba. Uwar da ta sayar da leda biyu ta auno masara, lissafin baki shida ta yi. To, amma wanda ke fitar da kwali guda mai leda 150, abincin jinyar yaro ɗaya cur, ta ƙofar bayan sito, shi ma jahili ne? Ai sai wanda ya iya cika takarda ya sa hannu ke iya wannan. Masu saye fa? Na rantse na ga ledar nan a ɗakin kwanan ɗalibai, ana shafa ta a burodi ana shan shayi, ana cewa tana sa ƙiba. A jikinta an rubuta ba na sayarwa ba ne, da Turancin da mu muka iya karantawa.

Matan nan masu bi gida gida kuwa, me muka ba su? Yawancinsu ɗan abin sayen sabulu ne ake miƙa musu, wani watan ya zo wani watan shiru. Waɗansu ma'aikatan da rayukansu suka biya. A Rann, ranar 1 ga Maris 2018, mayaƙa suka kashe ma'aikatan agaji uku, suka tafi da mata uku. Biyu daga cikinsu, Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman, masu karɓar haihuwa ne da ke aiki da Red Cross. Aka kashe Saifura cikin Satumba, aka kashe Hauwa cikin Oktoba na wannan shekara. Dukansu ba su wuce shekara 25 ba, watau sa'o'in wasunmu ne a nan. Sun bar Maiduguri sun tafi inda mata ke haihuwa a ƙasa. Ban ji wata ƙungiyar ɗalibai ta yi musu ko waƙar makoki ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yawancin aikin nan da kuɗin baƙi aka riƙe shi. Shugabannin Afirka sun taru a Abuja cikin 2001 sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Da Amurka ta janye yawancin taimakonta a farkon 2025 sai asiri ya tonu. Cikin Yulin wannan shekara hukumar abinci ta duniya ta yi gargaɗin cewa fiye da wuraren jinyar tamowa 150 za su rufe a Borno da Yobe. Kuma kada wani ya ce ai matsalar Barebari ce. A Katsina, inda 'yan bindiga suka raba manoma da gonakinsu, MSF ta ce yara 652 suka mutu a wuraren jinyarta cikin wata shida na farkon 2025. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ranar da aka yi faɗa da yunwa zai kwana.

Saura mu, ɗaliban Hausa, don kada mu fita da farar riga. Jimlar nan da ɗan'uwana ya yi ado da ita, "abinci mai gina jiki", ku auna ta da kyau. Ka tsaya gaban matar da ta kwana uku a kan kunun tsamiya ka ce ta riƙa ba yaro ƙwai da madara da hanta, wannan wa'azi ne ko ba'a? Mai ƙosai ba ta taɓa furta jimlar ba. Tambaya take yi, me ke akwai a gidan? In gero ne, ta nuna yadda za a soya shi da ɗan waken suya da gyaɗa a niƙa a yi kunu mai kauri. In zogale ne a bayan ɗaki, ta ce a zuba. Na ga allunan faɗakarwa a bangon wurin awo an rubuta su da Turanci, an fassara da wata Hausa wadda ni mai nazarinta sai da na karanta sau biyu, an kafa wa matan da ba su karatu. Akwai kuma wani abin da ba mu son ji. Yawancin matan da suka gudo daga Bama da Dikwa da Gwoza ba Hausa ce harshensu ba. Barbarci suke ji, ko Larabcin Shuwa, ko harsunan duwatsun Gwoza. Ma'aikaci ya zuba musu bayani da Hausa, su gyaɗa kai don kunya, su koma gida su ba da magani ba daidai ba, a rubuta a littafi cewa uwa ba ta bin umurni. Mu da muke kukan Turanci ya danne mu, ga shi harshenmu ya zama Turancin wasu.

Shekara uku ke nan ina zaune a ajin nan muna rarrabe gaɓa da ƙafar waƙa, kuma ban raina wannan ilmi ba. Amma ban ga wanda ya ɗauki rikoda ya tafi wurin awo ya tattaro kalmomin da uwaye ke kiran ciwon 'ya'yansu da su ba, ko ya zauna da ɗaliban Barbarci a fitar da bayanin minti biyu wanda tsohuwa za ta ji a waya ta gane. Ina ba shugabannin ƙungiya shawara su sa wannan a taronmu na gaba, kuma ni zan fara rubuta sunana.

Shi kuwa ɗan'uwana, ina gayyatarsa Maiduguri a dogon hutu, kuɗin mota a wuyana. Mai ƙosai ta tsufa, ƙafa ta hana ta yawo, ta miƙa jakarta ga wata. Wadda ta karɓa Innata ce. Har yau ba ta iya karanta lambobin da ke jikin tef ɗin, launi take dubawa, autarmu kuwa, wadda ke ƙaramar sakandare yanzu, ita ke rubuta mata sunaye a littafi in ta taso daga makaranta. Na ba Inna labarin muhawarar, ta yi dariya ta ce in zo da shi ya bi ta zagaye na yini ɗaya, gida talatin ne kawai, amma ya zo da takalmin da zai iya shiga taɓo.